Saje Ishar Singh da Mutanensa a Dutsen Saragarhi

A farkon shekarar 1897 sojojin Kamfanin Neja suka ci Bida, suka zarce suka ci Ilori. A cikin shekarar ce kuma gwamnatin Ingila ta ɗora wa Lugga aikin kafa rundunar da daga baya ta fasa Kontagora a 1901, ta shiga Kano da Sakkwato a 1903. Hafsan da Lugga ya zaɓa ya zama mataimakinsa, James Willcocks, saƙon kiran ya iske shi ne a bakin iyakar Indiya da Afganistan, inda ƙabilun tsaunuka suka tashi haiƙan suna yaƙar Turawa, wuta na kamawa daga wannan kwari zuwa wancan. A kan wannan iyaka, ranar Lahadi 12 ga Satumba, wani saje mai suna Ishar Singh da sojoji ashirin suka wayi gari dubban mayaƙa sun yi musu zobe a wani ɗan sansani da ake kira Saragarhi. Aka ce su miƙa wuya, suka ƙi. Aka gwabza tun hantsi har goshin la'asar. Babu ko ɗayansu da ya fita da rai.

Masu kallon finafinan Indiya sun ɗan san labarin, domin a kansa aka yi fim ɗin Kesari a 2019, inda Akshay Kumar ya fito a matsayin Ishar Singh. Sai dai an ƙara wa fim ɗin gishiri, ga waƙa ga soyayya, abin da ya faru da gaske kuwa ya fi haka nauyi. Ina ganin kuma duk ƙasar nan babu inda za a fahimce shi kamar ƙasar Zuru, inda da wuya ka shiga gida ba ka ji cewa wani daga cikin zuriyar ya sa kaki ba.

Su dai Sikh mutanen Punjab ne, ƙasar noma mai koguna biyar a arewa maso yammacin Indiya. Addininsu ya faro daga Guru Nanak, wanda aka haifa a 1469. A 1699 jagoransu na goma, Guru Gobind Singh, ya kafa musu ƙungiyar masu mubaya'a da ake kira Khalsa. Duk wanda ya shiga ba ya aske suma ko gemu, yana naɗa rawani, yana sa munduwar ƙarfe, yana rataye da wuƙa, in namiji ne kuma ya ɗauki sunan Singh. Shi ya sa kusan kowa a labarin nan Singh ne. Sun taɓa kafa daula mai ƙarfi a ƙarƙashin Ranjit Singh, fadarsa a Lahore. Bayan mutuwarsa a 1839 Turawa suka yaƙe su sau biyu, daga 1845 zuwa 1846, sannan daga 1848 zuwa 1849, kuma sun ji jiki ƙwarai kafin su ci ƙasar. Wuyar da suka sha ce ta nuna musu irin mazan da suka samu. Da sojojin Indiya suka yi wa Turawa bore a 1857, mutanen Punjab na cikin waɗanda aka dogara da su wajen murƙushe boren, daga nan kuwa masu ɗaukar kurata ba su sake barin ƙauyukan Punjab sun huta ba.

Turawa sun raba mutanen da suka mallaka gida biyu, wai akwai masu jinin yaƙi, akwai waɗanda ba su da shi. In ka duba waɗanda suke sawa a rukunin farko, galibi manoma ne talakawa, nesa da birni, nesa da boko, waɗanda suka saba da wahala tun suna yara. Lugga ya yi aikin soja a Afganistan da ƙasar Bama kafin ya tako ƙasarmu, da wannan karatun ya zo, shi da waɗanda suka biyo bayansa. Da idonsu ya faɗa kan duwatsun ƙasar Zuru sai suka ga abin da suke nema. Lelna, waɗanda Hausawa ke kira Dakarkari, da Fakkawa da Dukkawa da sauran maƙwabtansu, sun yi shekaru suna kare kansu a kan duwatsu daga mahara masu neman bayi, musamman na Kontagora. Yaro yana tashi da kokawa. In ya isa ya shiga golmo, ya yi shekara bakwai yana noma gonar surukai tare da sa'o'insa, akwai shugaba, akwai doka, akwai jure rana da yunwa, wanda ya gaza kuwa ya ja wa gidansu abin faɗa. Saurayin da ya gama golmo, me ya rage a koya masa a bariki in ba harbi da fareti ba? Ni ban yarda da zancen jini ba. Tarbiyya ce, sai kuma talauci da haraji suka tura. Amma ƙofar da aka buɗe a wancan zamani ita ce ta fito da Laftanar Janar Ishaya Bamaiyi, wanda ya shugabanci sojan ƙasa daga 1996 zuwa 1999, da Manjo Janar Tanko Ayuba da ya yi gwamnan soja a Kaduna, da Manjo Janar Muhammadu Sani Sami da ya yi gwamnan soja a Bauchi kafin ya hau gadon sarautar Zuru, da dubban kofur-kofur da saje-saje da babu jaridar da ta taɓa buga sunansu.

To, mu koma kan dutsen.

Samana dogon tsauni ne mai tsayin kusan ƙafa 6,000, yau yana cikin lardin Khyber Pakhtunkhwa na Pakistan. Ƙasar ƙabilar Orakzai ce, maƙwabtansu kuma Afridi, dukkansu Pashtun ne, Musulmi. A 1891 Turawa suka hau tsaunin da ƙarfin bindiga suka kafa sansanoni. A 1893 suka ja layin iyaka tsakaninsu da Afganistan, layin Durand, ya tsaga ƙasar Pashtun biyu. Ga shi an ƙara harajin gishirin Kohat. Malamai suka yi ta wa'azin jihadi a masallatai da kasuwanni. A watan Yulin 1897 Malakand ta kama da wuta, a watan Agusta Afridi suka ƙwace sansanonin mashigar Khyber, sai ido ya koma kan Samana.

Manyan sansanoni biyu ne a kan tsaunin, Lockhart a gabas, Gulistan a yamma, amma wani tudu ya gitta a tsakaninsu, ba sa hango juna. Don haka aka gina Saragarhi a tsakani, ƙasa da mil biyu daga kowannensu, a kan wani kan dutse da ake hangowa daga ɓangarorin biyu. Aikinsa ɗaya ne tak, isar da saƙo. Madubi ne ake kafawa a kan ƙafafu uku, mai sigina ya karkata shi ya kamo hasken rana, ya riƙa walƙa shi gajere da dogo, kowane haɗi harafi ne, na can nesa yana karantawa yana rubutawa. Waya ana iya yanke ta cikin dare, hasken rana kuwa ba mai yanke shi sai hadari ko hayaƙi. Ginin kansa ƙarami ne: ɗakin dutse mai kafofin harbi, katanga, da wurin da mai sigina ke tsayawa. Yana da rauni biyu. Ƙofarsa ta katako ce, sannan akwai wata kusurwa ta katangar da in mutum ya lafe a gindinta babu kafar harbin da za ta same shi.

Bataliyar da ke gadin tsaunin ita ce ta 36 ta Sikh, wadda aka kafa a Jalandhar a 1887. Kwamandanta, Laftanar Kanar John Haughton, yana Lockhart. Manjo Des Voeux yana Gulistan, tare da matarsa da 'ya'yansa ƙanana da mai renonsu. A kowane ɗaya daga sansanonin biyu sojoji ba su kai 200 ba. A Saragarhi kuwa babu Bature ko ɗaya, kuma wannan ne abin da ya kamata a riƙe. Babba a wurin shi ne Ishar Singh, mai muƙamin havildar, daidai da saje a wajenmu, mutumin ƙauyen Jhorran da ke kusa da Jagraon a gundumar Ludhiana, ya kusa shekara arba'in, yana cikin bataliyar tun kafuwarta. A ƙarƙashinsa akwai Kofur Lal Singh, da mai igiya ɗaya Chanda Singh, da sojoji goma sha takwas. Bindigarsu Martini-Henry ce, mai cin harsashi ɗaya, in ka harba sai ka buɗe ka sa wani. Sojojin Turawa na da wadda ta fi ta, mai ɗaukar harsasai da yawa, amma tun boren 1857 an yi dokar cewa makamin ɗan Indiya ya kasance a bayan na Bature.

A ƙarshen Agusta da farkon Satumba an kai wa Gulistan hari an koma. Janar Yeatman-Biggs ya hau da runduna ya kawo abinci da harsasai, amma ruwa ya yi ƙaranci a kan tsaunin, ya sauka ya koma garin Hangu. Mayaƙan ƙabilu na kallo. Yana juya baya suka dawo da ƙarfinsu duka, ƙiyasin Turawa ya kama daga mutum 10,000 zuwa sama. Wasu suka kewaye Gulistan, wasu suka tare hanyar Lockhart, sauran suka nufi Saragarhi da tutocinsu.

Wajen ƙarfe tara na safe mai sigina, wani matashi mai suna Gurmukh Singh, ɗaya daga cikin masu wannan suna biyu a sansanin, ya walƙa wa Lockhart cewa an kewaye su. Amsar da Haughton ya mayar ita ce ba shi da halin aiko da gudummawa nan take. Ba rashin zuciya ba ne. In ya kwashi mutanensa ya fita fili, a cinye su a hanya, a kuma ci Lockhart a bayansu.

Tunda babu wanda ya tsira, abin da aka sani na wannan yini ta hanya uku ya zo: saƙonnin da Gurmukh Singh ya yi ta aikawa, da abin da mutanen Lockhart da Gulistan suka gani da idonsu daga nesa, da abin da su mayaƙan suka faɗa bayan an yi sulhu. Duk wani dogon jawabi da aka sa a bakin Ishar Singh a fim, aikin marubuci ne. Aikin da ya yi shi ne shaida.

Farmakin farko a guje aka kawo shi, ana son a haura katanga da yawan jama'a. Ishar Singh ya baza mutanensa a kafofin harbi, suka yi ta ɓarin wuta har maharan suka ja da baya suka bar gawawwaki a fili. Suka fake a bayan duwatsu da kwazazzabai, suka buɗe wa sansanin wuta ta kowace fuska. Sai dai da jama'a suka ja da baya, mutum biyu ba su koma ba. Sun lafe a gindin wannan kusurwar da harbi ba ya kaiwa, suka fara ƙwaƙule duwatsun katanga ɗaya bayan ɗaya.

Daga Gulistan, Manjo Des Voeux yana ganinsu sarai. Ya sa aka yi ta walƙa wa Saragarhi madubi, ana gaya musu ana haƙa a ƙarƙashinsu. Saƙon bai isa ba. Maharan sun cinna wa ciyawa da ƙirare wuta, hayaƙi ya turnuƙe, mai sigina kuma hankalinsa na can wajen Lockhart. Sa'o'i suka yi ta wucewa, mutanen Gulistan na kallon ramin yana faɗi, suna ganin ajalin 'yan'uwansu yana matsowa, ba su da yadda za su yi muryarsu ta kai. Duk cikin labarin nan wannan wurin ne ya fi tsaya mini a rai.

A ciki kuwa an fara faɗuwa. Bhagwan Singh ne ya fara mutuwa, Kofur Lal Singh ya samu mummunan rauni. An ruwaito cewa duk da rauninsa, shi da Jiwa Singh suka ɗauko gawar suka shigar da ita ciki, ba su bar ta a fili ba. An kuma ruwaito cewa shugabannin maharan sun yi musu tayin aman, su ajiye makami a bar su da ransu, domin abin da ake so shi ne a gama da wannan ɗan wuri da wuri a koma kan Gulistan. Suka ƙi.

Me ya sa suka ƙi? Akwai tsohuwar gaba tsakanin Sikh da Pashtun tun zamanin Ranjit Singh, lokacin da ake ta ƙwace Peshawar ana mayarwa, saboda haka ba lallai ne su amince da alkawarin ba. Wannan gaskiya ce, bai kamata a ɓoye ta ba. Amma tsohon soja irin Ishar Singh ya san lissafin da ke gabansa. Kowace sa'a da ya riƙe dubban mutane a gindin katangarsa, sa'a ce da Gulistan ta samu ta gyara shiri, sa'a ce da gudummawa ke ƙara matsowa daga Hangu. A Gulistan akwai 'yan bataliyarsa, waɗanda suka ci tuwo a akushi ɗaya shekara goma, akwai mata da yara. Babu Bature a kansa da zai ce masa tsaya ko tafi. Shawarar tasa ce shi da mutanensa, kuma babu labarin cewa ko ɗaya daga cikin ashirin ɗin ya nemi hanyar sulalewa.

Haughton bai zauna ba. Da rana ta take ya tura wasu 'yan sojoji su fita su yi harbi daga nesa ko hankalin maharan zai rabu, abin bai yi tasiri ba. Da ya ga wutar Saragarhi ta fara rauni, ya bar masu gadi kaɗan, ya fita da kansa da sauran. Yana hanya abin ya faru.

Wajen ƙarfe uku na yamma kusurwar katangar ta rufta. A daidai lokacin ana ta dukan ƙofar katako. Dole waɗanda suka rage a kafofin harbi suka bar wurarensu suka ruga su toshe ɓarakar, da wuta ta lafa kuwa sai jama'a suka kwararo. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Aka koma faɗan hannu da hannu, wuƙar bakin bindiga da takobi. Abin da aka ruwaito shi ne Ishar Singh ya umarci waɗanda ke da sauran numfashi su ja su shiga ɗakin ciki, shi kuma ya tsaya a bakin ɓarakar ya tare musu har aka kashe shi. Saje ne, yana da ikon ya sa wani ya tsaya. Kansa ya sa.

Ɗakin ciki ma bai daɗe ba. Saƙo na ƙarshe da ya isa Lockhart daga Gurmukh Singh ne, yana neman izinin ya daina sigina ya ɗauki bindiga. A tsakiyar wannan tashin hankali, abokansa sun mutu, maƙiya na cikin gida, yaron nan bai bar aikin da aka ba shi ba sai da ya nemi izini. Aka ba shi. Mutum na ƙarshe ya kulle kansa a ɗaki yana harbi, aka rasa yadda za a yi da shi, sai aka cinna wa ɗakin wuta. Su maharan da bakinsu suka ce shi kaɗai ya kashe musu kusan mutum ashirin, kuma har wuta ta cinye shi yana ɗaga murya da kirarin yaƙin Sikh.

Suka rushe sansanin, suka juya kan Gulistan, amma yini ya riga ya tafi. Washegari, 13 ga wata, mayaƙan sun matso har sun kafa tutoci dab da katanga, sai wani saje, Kala Singh, ya fita da 'yan mutane kaɗan, wani saje Sunder Singh ya bi bayansa da nasa, suka ƙwato tutoci uku suka dawo. Kala Singh ya mutu daga raunin da ya samu. Ranar 14 ga wata Yeatman-Biggs ya iso da igwa, maharan suka janye. Gulistan ta tsira da matan da yaran da ke cikinta. A kangon Saragarhi aka tarar da gawawwakin. Ƙabilun sun yarda cewa sun rasa mutum kusan 180 a wurin, ban da masu rauni.

A nan mai karatu na ƙasarmu zai tsaya ya yi tambaya, kuma yana da gaskiya. Su wane ne waɗannan da aka kashe a gindin katanga? Musulmi ne masu kare ƙasar kakanninsu daga baƙon da ya hau musu tsauni ya kafa bindiga. Mutum biyun nan da suka kwanta a gindin katanga suna ƙwaƙule dutse, harsashi na wucewa ta kansu tun safe, su ma maza ne, kuma babu wanda ya rubuta sunansu. Mu mun san irinsu. Ranar 15 ga Maris 1903, a filin Giginya, bayan rundunar Sarkin Musulmi Attahiru ta watse, wasu sun tsaya a gindin tuta ba su gusa ba har aka harbe su. Ranar 27 ga Yuli aka ƙarasa a Burmi. Waɗanda suka ɗana kunamar bindiga a wuraren nan biyu, mafi yawansu baƙaƙen fata ne, Hausawa da Yarbawa da sauransu, Turawan 'yan kaɗan ne masu ba da oda. A 1900 ma, lokacin yaƙin Yaa Asantewaa, Willcocks ɗin nan ya haɗa sojojin Hausa da wasu 'yan Sikh da aka kawo daga tsakiyar Afirka, suka yaƙi Asante kafaɗa da kafaɗa. Haka daular take aiki: ta ci wannan, ta ba shi kaki da albashi, ta tura shi ya ci wancan.

Saboda haka ba na yabon dalilin yaƙin. Samana ba ƙasar Ingila ba ce, ba kuma ta Ishar Singh ba ce. Abin da ya biyo baya ya ƙara nuna haka, domin a watan Oktoba Janar William Lockhart ya shiga ƙasar Tirah da sojoji kusan 35,000, aka ƙone ƙauyuka, aka lalata rumbuna, aka sa tara. Haughton kansa bai ga ƙarshen yaƙin ba, an kashe shi a Shinkamar ranar 29 ga Janairu 1898 yana kare bayan mutanensa suna janyewa. Amma duk wannan bai isa ya sa in hana Ishar Singh haƙƙinsa ba. Manomi ne da aka ba amanar mutum ashirin da wuri guda, bai sayar da su ba, bai guje musu ba, da mutuwa ta zo kuma shi ya fara tarar ta a ƙofa. Duk wanda ɗansa ko ƙanensa ke bakin daga yau, a dajin Danko-Wasagu ko a Borno, irin wannan sajen yake roƙon Allah ya haɗa shi da shi.

Gwamnatin Turawa ta ba dukkan su ashirin da ɗaya lambar Indian Order of Merit, wadda ita ce mafi girma da ɗan Indiya ke iya samu a lokacin. Victoria Cross kuwa sai a 1911 aka buɗe wa 'yan Indiya ƙofarta. An gina wuraren ibada biyu don tunawa da su, ɗaya a Amritsar a 1902, ɗaya a Ferozepur a 1904. Bataliyar tana nan har yau, ita ce ta huɗu a rejimantin Sikh na sojan Indiya, kuma kowace 12 ga Satumba ana bikin ranar Saragarhi. A 2021 'yan Sikh mazauna Ingila suka kafa mutum-mutumin Ishar Singh a Wednesfield, kusa da Wolverhampton. Turawa sun tafi tun 1947, amma mutanen Punjab sun riƙe labarin a matsayin nasu, sun san sunan kowane ɗaya da lambarsa.

Hanyar Sikh da ta mutanen Zuru ta sake haɗuwa a yaƙin Hitila. An kwashi samarin Afirka ta Yamma a runduna ta 81 da ta 82, aka zuba su a jirgin ruwa zuwa Bombay, daga nan zuwa ƙasar Bama, wadda ake kira Myanmar yau, don su yaƙi Japanawa. Hausa ce harshen bariki a bataliyoyin Najeriya, kuma 'ya'yan ƙasar Zuru na cikinsu. A watan Maris 1944, lokacin da runduna ta 81 ke fama a kwarin Kaladan tana tsare gefen sojojin Indiya, a can yamma da su kan hanyar Maungdaw zuwa Buthidaung wani kofur na rejimantin Sikh, Nand Singh, ya hau wani siririn tudu da 'yan mutanensa, aka ji masa rauni a cinya, gurneti ya same shi a fuska da kafaɗa, duk da haka ya ƙwace ramuka uku daga hannun Japanawa. Shi ya samu Victoria Cross, labarinsa na rubuce dalla-dalla.

Namu fa? Sunayen wuraren da suka zubar da jini suna nan a ƙofofin barikoki: Arakan da Dodan da Myohaung a Legas, Letmauk a Ibadan, Dalet da Kalapanzin a Kaduna, Chindit a Zariya. Mutane na wucewa kullum ba su san cewa garuruwa da koguna ne na Bama ba, ko sunan wata runduna da ta yi yaƙi a can. Sunayen mazan kuwa, da yawa suna can a maƙabartar Taukkyan kusa da Rangoon, inda aka sassaƙa sunayen sojoji kusan 27,000 da ba a san kabarinsu ba. Waɗanda suka dawo Zuru da Dabai da Ribah da Mahuta sun ba da labari a gindin bishiya, yara sun saurara, tsofaffin sun tafi. Abin da ya rage shi ne lambobi a ƙasan akwati da takardar sallama da gara ke ci. Ƙasar da ta haifi janar-janar ba za ta rasa wanda zai bi gida-gida ya tattara waɗannan ya rubuta ba, kuma jikokin da suka ji daga bakin masu abin suna nan da ransu.

In za a yi wannan aiki, kada a tsaya kan masu bindiga. Rundunonin nan biyu sun shiga dajin da mota ba ta shiga ne saboda dubban sojoji 'yan dako, waɗanda ba a ba su bindiga ba sai adda. Su ke ɗaukar harsasai da abinci da kayan igwa a ka, su ke sare daji, su ke ɗauko masu rauni a ƙarƙashin wuta, harsashin Japanawa kuwa bai bambanta su da kowa ba.

A Saragarhi ma akwai irinsu. Ban da sojoji ashirin da ɗaya, akwai wani mutum mai suna Dad, mai shara da hidimar sansani. A takarda ba soja ba ne. Yana ciki lokacin da aka yi zobe, yana ciki lokacin da katanga ta rufta, tare da su ya mutu. Ba a ba shi lamba ba, sunansa bai shiga jerin da aka sassaƙa ba. Amarinder Singh, tsohon hafsa a rejimantin Sikh wanda ya yi babban ministan Punjab, ya fito da sunansa a littafin da ya wallafa kan yaƙin Samana a 2017, ya ƙidaya mutanen Saragarhi ashirin da biyu. A lokacin Dad ya shekara 120 da mutuwa.